Rumbun da Baba Ya Liƙe

Kowace shekara idan damina ta raba tsakiya, hatsi ya kai kafaɗar mutum amma bai fid da kai ba, ni barci ba ya yi mini daɗi. Wanda bai san ƙasarmu ba, idan ya biyo hanyar Buza zuwa Keita a irin wannan lokaci, cewa zai yi mutanen nan sun huta: tudu kore, fadama kore, duwatsun ma da muka saba gani tsirara sun yi ciyawa. Mu da ke cikin gidajen mun san babu yunwa irin ta lokacin da komai ya yi kore. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba, ga noma kullum, ga sauro, ga zazzaɓi. A irin wannan lokaci ne bana ɗiyata Tsahara ta dawo daga Madawa ta ci jarrabawar BAK ta gama sakandare, kuma a cikinsa ne muka yi kwanaki ni da ita ko gaisuwar kirki ba ma yi.

Mushensu, wato malamin da ya koya musu lissafi a lise, babbar sakandare, shi ya kawo maganar. Akwai wata jami'a a wata ƙasa mai nisa da ke ɗaukar yaran da suka yi ƙoƙari ta ba su burs, wato karatu da abinci da wurin kwana duk a kanta, amma sai yaran da gidajensu ba su da hali. A cikin dosiyen, wato takardun neman da za a aika, ana so yarinya ta rubuta da hannunta yadda gidansu yake: wa ke ciyarwa, me ake ci, wace wahala aka sha kafin ta kai inda ta kai. Wannan ma da sauƙi, tun da waɗanda za su karanta can ba su san ni ba, ban san su ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne sai mai gari ya ji abin da ta rubuta ya buga hatiminsa, ya shaida gaskiya ne. Mai garinmu kuwa ba ya jin Faransanci, sai an karanta an fassara masa a zaurensa, kuma zauren mai gari ba ya rabuwa da mutane.

Na ce mata, "Ki rubuta ubanki manomi na. Ƙarya ta?"

Ta ce, "Ba ƙarya ba ta, Mama. Amma mushe ya ce dut wanda yar rubuta hakanan yat tsaya, cikin masu hali za a sa shi. Ni abin da muke ciki za ni rubutawa, ba ƙari ba ragi."

"Abin da muke ciki namu na. Ba na zauren mai gari ba na."

Abin da muke ciki kuwa ga shi. Mai gidana ya faɗi a cikin lambun albasa damina biyu da suka wuce, rabin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke sai ɗan abin da ni kaɗai nake ganewa. Na ajiye masa kwano da cokali kusa da hannunsa mai lafiya, idan yana son wani abu ko wani abu bai yi masa ba, sai ya ƙwanƙwasa. Babban ɗana yana Libiya wajen biɗa, wato ci-rani, muryarsa muke samu a waya can ba a rasa ba. Awakina sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ni Habsu ban taɓa fita gidan suna da zane mai dauɗa ba, kuma duk wanda ya ce ina mai jiki, da sauƙi nake ce masa. Da bazara har sabuwar jinka na sa aka yi wa rumbunmu, alhali abin da ke cikinsa bai kai a ɗora masa tsani ba.

Sai ga shi ranar da muka fara wannan gardama na kasa cin tuwo, don ɗacin anza, 'ya'yan itacen dajin nan da ake ci lokacin yunwa, ya dawo mini a harshe kamar jiya na ci ta.

Ina 'yar shekara goma ko kusa da haka aka yi mana shekarar da ruwa ya ƙi. Ruwan farko ya zo da kyau, aka yi shuka, sai iska ta taso da rairayi ta binne tsiron. Aka sake shuka. Wanda ya tsira ya tashi har ya kai ƙugu, sai sama ta bushe. Kullum da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, mu yara mu fito muna tsalle, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi. An fita roƙon ruwa bayan gari, maza sun juya rigunansu, tsofaffi na kuka. Ganyen hatsi ya naɗe, ya koma ruwan toka, idan ka bi ta gona sai ka ji yana ƙara kamar busasshen kara tun bai haihu ba. Da kaka ta zo, damin da a da sai namiji ya ɗora wa namiji, ni nake ɗauka da hannu ɗaya.

A garinmu akwai al'adar rumbun tsimi. Rumbunanmu na laka ne, manya, masu ciki kamar tulu, an ɗora su bisa duwatsu, bakin yana sama sai da tsani. Idan an gama kaka, mai gida ya zuba hatsin gandu a rumbu ɗaya, ya kwaɓa laka ya liƙe bakin, ya kifa jinka, sannan ya tafi biɗa. Ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, don masu noma su sami abin ci. Duk tsawon rani mace ce ke riƙe gida da hatsin gamanarta, wato 'yar gonar da aka yanka mata, da abin da sana'arta ta kawo. Mace ba ta leƙa rumbun miji, yaro ma haka. Kuma mutumin da ya bar liƙaƙƙen rumbu a gidansa, ko ina ya tafi ya tafi da mutuncinsa, don kowa ya shaida bai bar iyalinsa a wofi ba.

A shekarar nan yawancin maza ba su liƙe komai ba, don babu abin liƙewa. Baba kuwa, Malam Isa, mutum ne da ba a taɓa jin kansa ba. Wata safiya ya aike mu rijiya ni da ƙanena, muna dawowa muka tarar da shi bisa rumbu, hannuwansa duk laka. Masu wucewa suna ɗaga kai ta saman katanga suna cewa, "Sannu da aiki, Malam. Allah shi sa a buɗe lahiya." Yana amsawa da amin. Kwana kaɗan bayan haka ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi kurmi, can kudu.

Hatsin gamanar Inna bai fitar da mu sanyi ba. Muka koma dusa, daga dusa muka koma abin da daji ya bayar. Amma duk safiyar duniya sai Inna ta yi daka. Ko tafin hannu ɗaya ne na dusa, sai ta zuba a turmi ta yi ta luguden taɓarya har tsawon lokacin da mai dakan fura take ɗauka, don maƙwabta su ji. Bayan haka ta share tsakar gida, ta wanke ƙoren da ba a ci komai a ciki ba, ta kife su a rana inda mai shigowa zai gani.

Matan gari suna fita ɗibar anza ƙungiya ƙungiya, suna tafe suna hira, wasu har da waƙa, don abin da ya sami kowa ba a ɓoye shi. Mu ba ma bin su. Inna takan tashe ni da asuba mu bi bayan gari mu hau dutse ta inda mutanen wani ƙauye suke zuwa, mu dawo da anzar a ƙarƙashin itacen girki. Wanda bai ci anza ba, Allah kada ya nuna masa. 'Ya'yanta ake ɓarewa a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, don ɗacin ya fita, kuma ba ya fita duka. Mu a cikin ɗaki muke jiƙa tamu, ƙofa a rufe, har tufafinmu suka ɗauki warinta. Mun ci ganyen jiga, mun ci yaɗiya. Akwai ranar da Inna ta tona gidan tururuwa ta kwashe ƙwayar da suka tara, tana sheƙewa tana waige.

Ƙanwata, ita ma Tsahara ce sunanta, tana da shekara uku a lokacin. Ita ce autarmu, mai surutu, mai bin akuya tana yi mata faɗa. Da rani ya yi nisa sai surutun ya ragu. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, cikinta ya fito, ƙafafun suka zama kamar sillen kara. Wurin da ta fi so shi ne ƙarƙashin rumbun, tsakanin duwatsun da aka ɗora shi, don nan ne kaɗai ke da sanyi idan rana ta take. Nakan shiga in zauna da ita, in manna kunnena a jikin lakar. Wallahi har ƙanshin hatsi nake ji. Ina ce mata, "Kin gani, cike shike. In Baba ya dawo hura za mu sha har mu ba akuya." Sai ta shafa lakar da hannu ta yi murmushi.

Sau ɗaya na ce wa Inna ta buɗe. Na ce ko kaɗan ne a ɗiba a yi wa Tsahara kunu, a mayar a liƙe, Baba ba zai sani ba. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Kallona ta yi ta ce, "Ba a taɓa rumbun ubanki." Na tsani Inna a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka tsoron miji ya fi mata ɗiyarta.

Ba ni kaɗai na ɗauka haka ba. Mata suka fara shigowa da ƙwarya a ɓoye cikin zane, suna roƙon ta ranta musu ko tiya ɗaya tun da Allah ya rufa mata asiri. Ta ce mai gida bai ba da izini ba. Suka fita suna taɓe baki. Kafin bazara sunan Inna ya zaga gari a kan mai rowa, wadda ke zaune bisa hatsi mutane na mutuwa. Har Zali, maƙwabciyarmu da katanga ɗaya ta raba mu, wadda suka yi wasan ƙasa tare da Inna, ta rage shigowa.

Bazarar shekarar ban taɓa ganin irinta ba. Ƙasa na ƙona ƙafa tun hantsi. Rijiya ta yi zurfi har sai an ƙulla igiya da igiya, abin da guga zai fito da shi rabi laka ne. Fulani da Buzaye suna wucewa kudu da ragowar dabbobinsu, saniya ta durƙusa a bakin korama ta ƙi tashi, mai ita ya tsaya a kanta ya rasa abin yi. Matar da ke kawo mana nono tun ina goye ta shigo sallama ba ƙwarya a kanta. Iska idan ta kaɗo daga korama warin mushe take kawowa.

A cikin haka ne labari ya zo cewa an fara aikin duwatsu a ƙasar Keita, kuma ya iso wajenmu. Ana jera duwatsu a gangaren tudu don su tare ruwa, ana haƙa ramuka ana dasa itatuwa, kuma da abinci ake biyan masu aiki: hatsi, da mai, da ɗan abin miya. Maza sun tafi biɗa, saboda haka mata ne za su yi. Amma da farko ba kowa za a ɗauka ba, sai aka ce mai gari ya fara da gidajen da suka fi galabaita. Ya fito da dattawa biyu suna bi gida gida. Aikin bai yi musu wuya ba, don yawancin rumbuna a buɗe suke, jinkar a ƙasa, kaji na kwana a ciki.

Ina tsaye a bakin ɗaki suka iso namu. Mai gari ya yi sallama, ya tsaya daga ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi rumbun da lakarsa ko tsagewa ba ta yi ba. Inna ta ja mayafi ta durƙusa daga nesa. Tsahara na kwance bisa tabarma a bayanta.

Ya ce, "Uwar Habsu, akwai abin da yar rage a gida?"

Na ga bayan Inna ya motsa kamar mai shirin tashi. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe. Mun gode Allah."

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ai gidan Malam Isa rumbunsu ko taɓa shi ba a yi ba. Mu tahi gaba." Suka wuce gidan Zali.

Daga ranar kullum da sassafe muna jin fitar mata, da la'asar mu ga sun dawo kawunansu fari fat da ƙurar dutse, suna ɗingishi, amma suna dariya. Ranar rabon abinci ƙanshin mai ya tsallako katanga daga gidan Zali. Tsahara ta ɗaga kai daga tabarma tana shaƙa. Inna ta tashi ta ɗauki taɓarya.

Ruwan farko na gaske da yamma ya zo, da iska da tsawa, har ɗakinmu ya yi yoyo. Tsahara ta kwana biyu tana gudawa kafin nan, ruwan anza ma ba ya zama a cikinta. Gari na wayewa, ƙasa na ta ƙanshi, kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona, ita kuma ta cika. An naɗe ta a guntun farin ƙyalle, ƙanen Baba, Baffa Idi, ya ɗauke ta a hannu ɗaya. Ƙasar maƙabarta ta yi laushi, ba su daɗe ba suka dawo. Har yau ba na son ƙanshin ruwan farko, duk da na san rahama ce.

Baba bai dawo ba, saƙo ya aiko cewa idan ruwa ya sauka Idi ya buɗe rumbu ya fid da iri. Shuka ba ta jiran makoki, don haka washegari, mata na zaune a tsakar gidanmu wajen gaisuwa, Baffa Idi ya jingina tsani ya hau. Ya ture jinkar, ya fasa lakar da gatari. Ni na matso har gindin tsanin, zuciyata na cewa yanzu kowa zai ga abin da aka hana ta. Ya leƙa. Ya daɗe a haka, kansa a ciki. Sannan ya zura jiki ya shiga, muka ji saukar ƙafarsa a ƙasan rumbun da irin ƙarar da fanko yake yi. Ya fito da gora guda ta iri, an toshe bakinta da tsumma. Ita ke nan abin da Baba ya liƙe.

Zali ce ta fara magana, ta kira Inna da sunanta na yanka. Ta ce, "A'i, ashe haka kike? Katanga guda tsakaninmu, A'i. Ina zuba mai a tukunya, ɗiyag ga tana nan kwance?" Ta fashe da kuka tana dukan ƙirjinta. Inna ba ta ɗaga kai ba. Tun ranar da Baba ya hau rumbun ta san abin da ke ciki, shi ya faɗa mata, ya ce ta rufa masa asiri har ya samo wani abu ya aiko. Bai samu ba.

Washegari Zali ta zo ta kama hannun Inna ta kai ta wajen aikin duwatsu. Mai gari bai tambayi komai ba ya sa ta. Ni ma na bi ta ina ɗaukar ƙanana a kwano. Dutsen ƙasarmu baƙi ne, yana shan rana, ko ta cikin gammo sai ya ƙona kai. Muka jera, muka haƙa, muka ci abinci. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda abincin ya zo da sauƙi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma akwai yaran da iyayensu ke aikin amma suka rasu a shekarar. Na sha faɗa wa kaina haka. Duk da haka idan na bi ta tudun nan na ga jerin duwatsun da muka yi, da itatuwan da suka girma a bayansu har ana hutawa a inuwarsu, ba su nake gani ba, tabarmar nan nake gani.

Baba ya dawo bayan kaka, ya rame kamar ba shi ba. Ban taɓa jin sun yi maganar da Inna ba, kuma bai sake liƙe rumbu ba har ya bar duniya. Mutanen gari kuwa suka juya, waɗanda suka ce mata mai rowa suka koma ba da misali da ita: mace mai haƙuri, mai rufin asirin miji, a yi koyi da uwar Habsu. Da na haifi ɗiyata, Baba ya roƙi mai gidana a sa mata Tsahara, aka sa. Inna kuwa ba ta taɓa kiran sunan ba. Da yarinyar na ƙarama "ke" take ce mata, da ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta koma 'Yal lakwal. Sunaye biyu ke nan ba sa fita a bakin Inna: nawa don ni ce ɗiyar fari, da wannan.

Mai jin labarin nan zai ce ai ni ce ya kamata in fara cewa yarinya ta rubuta. Ba haka zuciya take ba. Ranar buɗe rumbu rana ɗaya ce, dakan Inna kuwa na ji shi kowace safiya har ya zauna mini a jiki. Ga kuma mutumin da ke kwance a ɗaki, wanda a da baƙo ba ya kwana da yunwa a unguwarmu saboda shi. Ni ke yi masa wanka, ni ke juya shi. Ba abin da ya rage masa sai sunansa a bakin mutane, kuma a ganina shi ake so in ɗauka in kai zauren mai gari.

Ana gobe kasuwar Buza, ranar da mushe ya ce zai aika dosiyoyin ko da namu ko babu, Inna ta shigo da la'asar kamar yadda ta saba, tana dogara sanda daga gidan ƙanena. Idonta ya yi rauni, amma kunnenta ko kyanwa ta taka katanga sai ta ji. Ta tarar da mu kowa ta juya wa kowa baya, Tsahara idanu sun kumbura.

Ta zauna bisa turmi ta ce, "'Yal lakwal, mi anka yi maki? Ko bokon ya ƙare?"

Tsahara ta faɗa mata duka, da burs ɗin, da rubutun, da hatimin mai gari. Ban katse ta ba, don na tabbata Inna bayana za ta bi. Wa ya fi ta sanin rufin asiri? Ta murza kan sandarta. Can ta ce, "Ɗauko tsani ki hau rumbun ga ki leƙa."

Na ce, "Inna, rumbun mai gida na."

Ta ce, "Mai gida shina ciki shina jinmu. In bai yarda ba, ga kwano nan kusa da shi, shi buga."

Muka tsaya muna saurare. Ni na san mutumin nan, idan kunu ya yi zafi kaɗan sai unguwa ta ji kwanonsa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, ina hango hannunsa bisa tabarma, cokalin na kusa da yatsunsa. Bai taɓa shi ba.

Tsahara ta jingina tsani, ta tattare zane ta hau. Ta ture sabuwar jinkar gefe ta leƙa.

Inna ta ce, "Mi kig gani?"

Ta ce a hankali, "Ba komi, Kaka. Sai ƙaiƙayi."

"Ban ji ba. Kunnena ya yi nauyi."

"Ba komi a ciki, Kaka."

"Ɗaga murya, ke ba ki ci abinci ba?" Ta tsaya, ta ce, "Au, ashe ba ki ci ba. Tau ɗaga hakanan."

Yarinyar ta gane. Ta miƙe bisa tsanin, inda duk gidajen da ke kewaye da mu suke ganinta, ta faɗa da muryar da ta isa masallaci cewa babu komai a rumbunmu. Ana daka a gidan maƙwabta, sai na ji taɓaryar ta tsaya. Kunya ta rufe ni har na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa.

Inna ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. Ta ce, "Shekara da shekaru ana yabona a garin ga. Ko sau guda ban taɓa jin daɗin yabon ba. Kada ki so shi." Sannan ta ɗaga kai wajen tsanin ta ce, "Abin da kig gani shi za ki rubuta. Sauko a hankali, Tsahara."

Yarinyar ta kusa zamewa. Ni kuwa na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Inna ta miƙe ta laluba sandarta, ta ce a mayar da jinkar don hadari ya haɗo kuma rumbun laka ba ya son ruwa, ta fita abinta. Da na shiga ɗaki na tarar da hawaye ya gangara wa mai gidana har cikin kunne. Na share masa. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya ce wani abu sau biyu kafin in gane: in raka yarinyar wurin mai gari.

Da safe na ɗaura zanen da nake zuwa suna da shi, muka tafi. Mai garin yanzu ɗan wancan ne, kuma zauren nan ne dai, cike da mutane kamar yadda na yi tsoro. Tsahara ta durƙusa ta karanta da Faransanci, tana tsayawa tana mayarwa da Hausa. Ba ta yi roƙo ba, ba ta ƙara gishiri ba. Ta faɗi faɗuwar ubanta, da tafiyar yayanta, da awakin. Ta faɗi yadda nake cewa na riga na ci idan na zuba musu tuwo, abin da na ɗauka ba wanda ya lura.

Da ta gama, mai gari ya juyo gare ni, don sai babba ya tabbatar kafin ya shaida. Tambayar da ake yi ce tun da can, ba shi ya ƙago ta ba, kuma ba na jin ya san an taɓa yin ta a ƙofar gidanmu.

Ya ce, "Habsu, akwai abin da yar rage a gida?"

Bakina ya riga ni, ya ce alhamdu lillahi, don da ita ya saba. Ban janye ta ba, Allah abin godiya ne a kowane hali. Sai dai ban tsaya inda Inna ta tsaya ba.

Na ce, "Babu, ranka shi daɗe. Babu komi."

Ya ce a miƙo masa hatimi.